Harajin Gida da Hakkin Wanda Ya Tsufa a Cikinsa

Daga cikin mas'alolin da ke tsakanin mai mulki da talakawansa, waɗanda malamai da masu hikima suka daɗe suna tattaunawa a kansu, akwai wata da ta fi fitowa fili a ƙasar Amurka a wannan zamani, ko da yake asalinta ya girmi Amurka da ƙarnuka masu yawa. Mas'alar ita ce: shin ya halatta ga hukuma ta ɗora wa mutum haraji a kan gidan da yake kwana a ciki, ta riƙa ƙara masa shi shekara bayan shekara gwargwadon yadda farashin gidaje ke hawa a unguwarsu, alhali mai gidan ya tsufa, ƙarfinsa ya ƙare, ya ajiye aiki, kuma abin da ke shigo masa bai wuce ɗan fanshon da yake karɓa a ƙarshen wata ba? In kuwa ya kasa biya, shin adalci ne a sayar da gidan a kansa, a fitar da shi daga ɗakin da ya haifi 'ya'yansa ya aurar da su, domin a cika lissafin baitulmali?

Tun da malamanmu ba sa yanke hukunci a kan abu sai sun san surarsa, ya kamata mu fara da bayanin yadda al'amarin yake gudana. A Amurka ba gwamnatin tarayya ke karɓar harajin gidaje ba. Na gundumomi ne da birane da hukumomin makarantu, kuma shi ne mafi yawan abin da waɗannan ƙananan hukumomi ke tarawa na haraji, da shi suke biyan malaman makaranta da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, da shi suke gyara hanyoyi. Akwai jami'in da aikinsa shi ne ya ƙiyasta nawa gida zai yi in an kai shi kasuwa, sa'an nan a yanka wani kaso na wannan ƙiyasi a ce shi ne harajin shekara. Saboda haka mata da miji da suka sayi ɗan gidansu suna matasa, suka yi shekara talatin suna biyan bashin jinginarsa kamar yadda aka saba a can, har suka gama suka sami natsuwa cewa yanzu gida ya zama nasu, sai su wayi gari unguwar ta yi daraja, masu kuɗi sun shigo suna saye suna rushewa suna sake gini, ƙiyasin gidansu ya ninka, haraji ya bi shi, alhali ba su ƙara ko bulo ɗaya ba, ba kuma wani kwabo da ya shiga aljihunsu saboda wannan daraja. A takarda sun yi arziki, a tukunya kuwa ba abin da ya ƙaru.

Idan biya ya gagara, sai tara ta hau, kuɗin ruwa ya hau kan tara, kuma a jihohi da dama hukuma takan sayar da bashin ga 'yan kasuwa masu neman riba, su kuma su ƙara nasu kuɗin lauya a kai. A shekarar 2013 jaridar Washington Post ta ba da labarin wani tsohon soja a birnin Washinton, wanda tsufa ya fara taɓa masa hankali, da ya rasa gidansa gaba ɗaya a kan bashin haraji da asalinsa dala 134 ne kacal. Wata shari'a kuma ta kai har Kotun Ƙolin ƙasar: Geraldine Tyler, tsohuwa mai shekara 94 a lokacin hukunci, tana da ɗan gida mai ɗaki ɗaya a birnin Miniyafolis na jihar Minesota, ta bar shi a 2010 ta koma mazaunin tsofaffi, harajin da ya taru a kanta kimanin dala 2,300 ne, amma tara da kuɗin ruwa suka kai shi dala 15,000. Gundumar Hennepin ta karɓe gidan, ta sayar da shi dala 40,000, ta riƙe kuɗin duka, har da rarar dala 25,000 da ba ta bin ta. A ranar 25 ga Mayu, 2023, alƙalan kotun tara suka haɗu a kan cewa riƙe rarar nan ƙwace ne da tsarin mulki ya hana, kuma Alƙalin Alƙalai John Roberts ya kafa hujja har da yarjejeniyar Magna Carta ta Ingila ta shekarar 1215, wadda ta taƙaita ma'aikacin sarki ga karɓar gwargwadon bashi kawai.

Wanda ya karanta littafin Haraji na Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, wanda ya rubuta wa Halifa Haruna Rashidu, ba zai yi mamakin abin da ya sami tsohon sojan nan ba, domin tun a wancan zamani Abu Yusuf ya gargaɗi halifa kada ya danƙa karɓar haraji a hannun wanda ya saye shi da kwangila, saboda irin wannan mutum ba ya duban halin talaka, abin da yake dubawa shi ne ya mayar da kuɗinsa ya fita da riba, ko da ƙasa za ta lalace. Hukuncin Kotun Ƙoli kuwa, duk da kyansa, reshe ya gyara, bai taɓa saiwa ba. Ya hana hukuma cin rara, amma bai hana ta sayar da gidan ba, bai kuma amsa tambayar da muka fara da ita ba.

Ba daidai ba ne mu yi gaggawar tsayawa bayan tsoho ba tare da mun saurari hujjar ɗaya ɓangaren da dukan ƙarfinta ba, domin hujja ce mai nauyi. Masu ita suna cewa: darajar da gidan nan ya yi, wa ya kawo ta? Ba mai gidan ba ne. Jama'a ce ta kawo ta, da titin da aka shimfiɗa, da makarantar da aka gina, da asibiti, da tsaron da ya sa mutane suka yi sha'awar unguwar. Wannan shi ne ra'ayin da Henry George ya shahara da shi a littafinsa na 1879 game da ci gaba da talauci, cewa ƙaruwar darajar ƙasa aikin al'umma ne, don haka al'umma ce ta fi cancanta da ita. Suna ƙarawa da cewa tsohon nan shi ma harajin waɗansu ne ya karantar da 'ya'yansa a lokacin da suke ƙanana, kuma har yanzu in gobara ta tashi gidansa za a zo. Mafi ƙarfin abin da suke faɗa kuwa shi ne wannan: duk abin da aka sauke daga kan tsoho, ba ɓacewa yake yi ba, a kan wani ake ɗora shi, kuma wanin nan sau da yawa saurayi ne ɗan haya mai 'ya'ya ƙanana, wanda bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba, yana biyan harajin a ɓoye cikin kuɗin hayarsa. Ta yaya za a kira shi adalci a tausaya wa mai gida a kan wuyan marar gida?

Shari'armu ma ba ta musun hakkin hukuma. Imamu Gazali, da Imamu Shaɗibi a bayansa, sun yi bayanin cewa idan baitulmali ya gaza kuma maslahar jama'a ta buƙata, shugaba adali yana iya ɗora wa mawadata abin da zai toshe buƙatar, da sharaɗin ya zama gwargwadon lalura, a kuma kashe shi inda ya dace. Abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soka a Kitabul Farƙi, inda ya ambaci jangali da kuɗin gari cikin al'adun sarakunan da ya yi wa inkari, shi ne karɓar dukiyar mutane ba bisa shari'a ba, ba don wata maslaha tasu ba. Haka nan ba za mu ɓoye cewa a babin wanda bashi ya cinye dukiyarsa, mazhabar Malikiyya da ta Shafi'iyya suna ganin ana sayar da gidan mufallasi a biya masu binsa, yayin da Hanafiyya da Hambaliyya suke ganin a bar masa gidan da ba shi da makawa daga gare shi. Ashe ke nan gida ba wani abu ba ne da shari'a ta ce ba a taɓa shi ko ta halin ƙaƙa. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin bashin da mutum ya ci da hannunsa, ya karɓi kayan wani ya yi alkawarin biya, da bashin da aka rubuta masa yana zaune a ɗakinsa, ba don wani abu da ya karɓa ba, sai don maƙwabcinsa ya sayar da nasa gidan da tsada.

A nan ne nake ganin babin zakka yake da abin da zai koya wa masu tsara haraji, ko da ba Musulmi ba ne, domin hikimar da ke cikinsa hankali yana riskarta. Zakka ba ta hawa kan duk abin da mutum ya mallaka. Tana hawa ne kan dukiya mai haɓaka, ko wadda a ɗabi'arta ake iya haɓaka ta, kamar zinariya da azurfa da dabbobi da amfanin gona da kayan ciniki, bayan ta kai nisabi, kuma a mafi yawansu bayan shekara ta kewayo. Gidan da mutum yake zaune a ciki, da tufafinsa, da abin hawansa, da kayan aikinsa, malamai sun haɗu a kan cewa babu zakka a kansu komai tsadarsu, domin an riƙe su ne don amfani, ba don juyawa ba. Har ma an ruwaito daga Imamu Malik cewa mutumin da yake da gida ana iya ba shi zakka a matsayin matalauci, muddin babu wata rara a cikin darajar gidan da za ta wadatar da shi in ya sayar ya sayi wani daidai buƙatarsa. A cikin wannan fatawa akwai abu biyu tare, kuma duka biyun muna buƙatarsu: na farko, mallakar gida ba ta fitar da mutum daga talauci, na biyu, kariyar tana da iyaka, ba ta rufe katafaren gidan da ya wuce buƙata nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani rarrabewa da Malikiyya suka keɓanta da shi, wanda duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure ya wuce ta kansa, kuma a ganina shi ne mabuɗin wannan mas'ala. Sun raba 'yan kasuwa gida biyu. Akwai mudiri, wato mai kanti ko mai rumfa wanda kaya ke shiga suna fita a hannunsa kullum. Shi wannan yakan ƙiyasta kayansa sau ɗaya a shekara ya fitar da zakka a kan ƙiyasin, domin kuɗi na gudana a hannunsa, ƙiyasin kuma ba ya nesa da abin da ke cikin aljihunsa. Akwai kuma muhtakiri, wanda ya sayi kaya ya ajiye yana jiran kasuwa ta yi kyau. Shi ba a neman komai daga gare shi, ko da kayan sun shekara biyar ko goma a ajiye suna ƙara daraja, sai ranar da ya sayar kuɗi suka zo hannunsa, sa'an nan ya fitar da zakkar shekara ɗaya. Haka suka ce game da bashin da mutum ya ba wani rance: sai ya karɓa. Dalilin hukuncin a fili yake, shi ne ba a tilasta wa mutum ya fitar da tsabar kuɗi daga dukiyar da ba ta zama tsabar kuɗi ba tukuna. To, idan wannan sassauci aka yi wa ɗan kasuwa wanda da gangan ya sayi kaya don riba, ina ga tsohon da bai sayi gidansa don ciniki ba, bai kuma yi niyyar sayar da shi ba har ya koma ga Ubangijinsa? Harajin gida irin na Amurka yana mu'amala da shi ne kamar mudiri, ana yi masa ƙiyasi kowace shekara ana neman tsaba, alhali ko matsayin muhtakiri bai kai ba. Daidai yake da a tsaya a kan manomi tun hatsi yana kore a gona, a ce ya auno zakkar abin da bai girbe ba.

Na sani za a ce zakka ibada ce mai iyakoki daga nassi, haraji kuwa siyasa ce ta maslaha, don haka ƙiyasin ɗaya a kan ɗaya bai cika ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba ina cewa hukuncin zakka ya hau kan gundumomin Amurka ba ne. Amma ko a babin harajin ƙasa, wanda shi ne ya fi kusa da abin da muke magana a kai, ma'aunin bai sauya ba. Lokacin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya aiki Usmanu ɗan Hunaifu da Huzaifa ɗan Yamani su auna ƙasar Iraƙi su yanka mata haraji, abin da ya dame shi da suka dawo shi ne ko sun ɗora wa ƙasar abin da ba za ta iya ɗauka ba, ya yi ta nanata musu tambayar. Daga baya, da aka ga harajin da aka yanke bisa faɗin gona yana cutar da manoma a shekarun da farashi ya faɗi, sai Abu Yusuf ya goyi bayan a koma karɓar kaso daga abin da gonar ta bayar a zahiri. Tun daga Umar har zuwa Abu Yusuf, abin da ake tambaya shi ne me wannan dukiya take fitarwa, me mai ita yake iya ɗauka.

Amurkawa su ma sun ga ciwon, sun kuma nemi magani ta hanyoyi dabam-dabam, waɗanda ba duka ne suka dace da cutar ba. Jihohi da yawa suna cire wani yanki na darajar gida daga lissafi idan mai shi ya kai shekara 65, jihar Teksas kuma tana daskarar da harajin makarantu na mai wannan shekaru kada ya ƙara hawa. Aibin irin wannan, idan ba a haɗa shi da duban abin da mutum ke samu ba, shi ne ya mai da shekaru su kaɗai hujja, alhali akwai tsofaffi attajirai, kuma furfura ba shaidar talauci ba ce. Mafi girman misalin maganin da ya wuce cutar shi ne abin da ya faru a Kalifoniya a watan Yuni na 1978, lokacin da kusan kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a suka amince da shawara mai lamba 13 da Howard Jarvis ya jagoranta. An yi ta yaƙin neman goyon baya da sunan tsofaffin da haraji ke kora daga gidajensu, kuma tsoron nasu gaskiya ne, domin farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo a shekarun nan. Amma dokar da aka yi ba ta tsaya ga tsofaffi ko matalauta ba: ta taƙaita haraji ga kashi 1 cikin ɗari na ƙiyasi, ta hana ƙiyasin ƙaruwa fiye da kashi 2 cikin ɗari a shekara sai an sayar da gidan, ta kuma haɗa da gine-ginen kamfanoni da kantuna da gidajen haya. Sakamakon haka, gidaje biyu iri ɗaya a layi ɗaya sukan biya haraji mai nisan bambanci; wata mata da ta sayi gida a Los Anjalas a 1988 ta tarar tana biyan kusan ninki biyar na abin da tsofaffin maƙwabtanta ke biya, ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1992 kotu ta bar dokar a yadda take. Attajirin nan Warren Buffett da kansa ya faɗa a 2003 cewa harajin da yake biya a kan gidansa na miliyoyin daloli a Kalifoniya bai kai wanda yake biya a kan gidansa na Omaha ba, wanda darajarsa ba ta kusa da ta wancan. An shiga da sunan tsohuwa mai fansho, aka fito da rangwame ga wanda ba ya buƙata, nauyin kuma ya koma kan matasa masu sabon saye. A nan hujjar ɗan haya da muka kawo a baya ta tabbata sarai.

Hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce wadda jihar Wiskonsin ta fara a 1964, jihohi da dama suka bi ta: a dubi harajin gidan, a dubi abin da ke shigo wa mai gidan a shekara, in harajin ya zarce wani kaso na abin shigar, sai jiha ta mayar masa da abin da ya haura, har zuwa wata iyaka. A Masacusets, alal misali, wanda ya kai shekara 65 kuma samunsa bai wuce haddin da aka sa ba, ana mayar masa da abin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abin shigarsa, kuma ɗan haya ma yana da rabo, domin ana lissafa wani yanki na kuɗin hayarsa a matsayin harajin da ya biya ta hannun mai gida. Wannan tsari ya mayar da ma'auni inda Umar ya ajiye shi, wato kan iyawa. Attajiri ba ya samun komai a ciki ko ya kai shekara ɗari, kuma nauyin yana bazuwa a kan jiha duka maimakon ya faɗa kan maƙwabta. Jihar Pensilbaniya tana da irinsa tun 1971, a 2023 ma ta ɗaga mafi yawan abin da ake mayarwa zuwa dala 1,000. Sai dai kuɗin daga caca suke fitowa, kuma ban da haramcinta a wurinmu, sananne ne cewa masu ƙaramin ƙarfi su ne suka fi jin nauyin abin da suke zubawa a cikinta, don haka wani talaka ne ake tatsa a shayar da wani.

Saura hanya ta uku, wadda ta fi kama da hukuncin muhtakiri: a jinkirta harajin, a rubuta shi bashi a kan gidan, kada a nemi komai sai ranar da aka sayar ko mai shi ya rasu. Jihar Oregon tana yin haka tun shekarun 1960, Teksas da waɗansu ma suna yi. Da wannan an ba kowane mai hakki hakkinsa: al'umma ta sami rabonta daga darajar da ta haifar, a lokacin da darajar ta zama kuɗi, tsoho kuma ya ƙare kwanakinsa a ɗakinsa. Tsofaffi da yawa suna ƙin wannan hanya saboda burinsu su bar wa 'ya'yansu gida babu bashi a kansa, kuma buri ne mai daraja da duk uba ya san shi. Amma a nan ba na tare da su gaba ɗaya, domin a ilmin gado ma biyan bashi yana gaba da wasiyya da rabon magada, kuma abin da ya wajaba al'umma ta kare shi ne mazaunin tsoho, ba cikar gadon 'ya'yan da watakila ma suna da ƙarfinsu da gidajensu ba. Abin da nake ƙi a cikinta shi ne kuɗin ruwan da ake ɗorawa a kan bashin, wanda in rai ya yi tsawo yakan cinye babban yanki na gidan, har ya zama tsawon rai kansa abin tsoro ne ga mai shi. Jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi umarni ne na Alƙur'ani, kuma ya zo ne a cikin ayoyin da suka haramta riba a ƙarshen Suratul Baƙara, jinkiri ne da ba a sayar da shi.

Duk da haka, ko an yi doka mai kyau, akwai wani wurin da adalci yakan zube a hanya, shi ne cewa kusan duk waɗannan rangwame sai mutum ya nema, ya cika takardu, ya kawo shaidar samunsa, a waɗansu wurare kuma ya sake yin haka kowace shekara. Wanda ya fi buƙata kuwa shi ne wanda ido ya yi rauni, mantuwa ta kama shi, ba shi da mai karanta masa wasiƙa, ko kuma kunya ta hana shi zuwa ofis ya bayyana talaucinsa bayan ya yi shekara hamsin yana ci da guminsa. A birnin Ditiroit, inda dubban gidaje suka tafi gwanjo saboda haraji bayan rikicin tattalin arziki na 2008, dokar jihar Mishigan ta riga ta tanadi yafewa ga matalauta, amma da yawa daga waɗanda suka rasa gidajensu ba su san da ita ba ko hanyar nemanta ta gagare su, har sai da ƙungiyoyin kare hakki suka kai ƙara a 2016, aka yi sulhu a 2018 a kan sauƙaƙa hanyar. Abu Yusuf ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya wuce wata ƙofa ya ga wani tsoho makaho, Bayahude, yana bara, ya tambaye shi abin da ya kai shi ga haka, tsohon ya ambaci jiziya da buƙata da tsufa. Umar ya kama hannunsa ya kai shi gidansa ya ba shi abin da ya samu, sa'an nan ya aika wa ma'ajin baitulmali cewa a nemo wannan da ire-irensa a sauke musu jiziya, domin ba a yi masa adalci ba in an ci moriyar ƙuruciyarsa aka yar da shi a tsufansa. Mutane sukan tsaya a kan tausayin da ke cikin ƙissar, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne umarnin a nemo ire-irensa. Umar bai kafa ofis ya ce mai buƙata ya zo ya nema ba. Ya ɗora nauyin bincike a kan hukuma. Hukumar da ta san darajar kowane gida a gari, ta san shekarun mai shi, ta kuma san abin da ya samu bara daga takardun harajinsa, ba ta da uzurin cewa ba ta san wanda ya cancanci sauƙi ba sai ya zo ya roƙa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sa ƙiyasta gidaje don karɓar haraji cikin ayyukan ƙananan hukumomi, jihar Legas tana karɓar harajin filaye da gidaje a dunƙule tun 2001, dokarta kuma ta yafe shi ga ɗan fansho a kan gidan da ya mallaka yake zaune a ciki. Abuja da Kaduna da Kano duk sun kafa hukumomin da ke rubuta filaye da gidaje a kwamfuta, kuma inda rajista ta cika, haraji yana tafe. Mutanen da suka ga ranar da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979 sun san nauyin wannan magana. Amma in za a kwaikwayi rangwamen, a kula da abu biyu da suka shafi halinmu. Na ɗaya, mafi yawan tsofaffinmu ba 'yan fansho ba ne. Maƙeri da majemi da ɗan koli da mai ɗinkin hula ba su da takardar ajiye aiki, don haka dokar da ta rataya sauƙi a kan fansho ta bar su a waje. Na biyu, gidajen cikin birni a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato galibi gidajen gado ne da ba a raba ba, sunan da ke kan takarda, in ma akwai takardar, na kaka ne da ya daɗe da rasuwa, tsohuwar da ke ciki kuwa abin da ta mallaka a shari'a bai wuce tumunin takaba ba, shi ma watakila ta raba shi da kishiyoyinta. Irin wannan ya hana iyalai baƙaƙen fata da yawa a kudancin Amurka da birnin Filadelfiya samun rangwamen da suka cancanta, domin ba sunansu ne a kan takardar gidan da suka gada ba. Dokar da za a rubuta a nan ya kamata ta ɗora hukuncin a kan wanda yake zaune a gidan da abin da yake samu, ta kuma karɓi shaidar mai unguwa da limami da maƙwabta biyu adalai a madadin takardar mallaka.